Tunjere da Ruɗewar Hankali

Ba duk wanda hankalinsa ya ruɗe ne tsufa ko iska suka taɓa ba. Wani lokaci ƙwayar cuta ce ta shiga ƙwaƙwalwa.

Babban misali shi ne tunjere. Gyambonsa na fari yakan warke don kansa, har mai shi ya zaci ya rabu da ciwon, alhali kuwa ƙwayar tana nan kwance cikin jiki. Ga waɗansu, bayan shekara 10 zuwa 30, sai ta kama ƙwaƙwalwa. Mantuwa ta yi yawa, hali ya sake, magana ta sarƙe, daga bisani jiki ya shanye.

Cikin 1913 wani likita mutumin Japan, Noguchi, ya ga ƙwayar a ƙwaƙwalwar waɗanda ciwon ya kashe. Cikin 1943 aka fara kashe ta da allurar fenisilin. Amma allurar ba ta komo da abin da ya riga ya lalace.

Saboda haka wajibi ne Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa: magidancin da halinsa ya sake ba dalili, kada a ɗaure shi a ɗaki. A gaggauta kai shi asibiti, a auna jininsa da na matansa.