Darasi na 12: Gyaran Gidan Bene a Bakin Tafki

Idan kuka duba taswirar ƙasar Italiya, can arewa kusa da iyakarta da Suwizalan, za ku ga wani tafki mai siffar gwafa, sunansa Komo. Zurfinsa ya haura mita 400. A kan wani dutse da ya kutsa cikin ruwan akwai wani gidan bene da ake kira Balbianello. Wani babban malamin coci mai suna Durini ne ya gina shi a shekarar 1787, a harabar wani tsohon wurin ibada. Har yau hasumiyoyi biyu na cocin suna nan tsaye.

Gidan ya yi ta sauya hannu, daga baya aka yi watsi da shi har ya fara lalacewa. A 1919 wani Ba'amurke, Butler Ames, ya saye shi ya gyara. A 1974 kuma Guido Monzino, wanda ya jagoranci tawagar Italiya ta farko zuwa dutsen Everest, ya mallake shi. Monzino ya sabunta cikin gidan, ya sa na'urar hawa bene, ya lulluɓe bangon wasu ɗakuna da tsofaffin katakai masu ado daga Faransa. Amma bai rushe siffar gidan ta waje ba. Da ya rasu a 1988, ya bar wa wata ƙungiyar adana kayan tarihi gidan, shi ya sa kowa ke iya ziyartarsa a yau.

To, me ya sa gyaran irin wannan gida yake da wuya? Babban abokin gabansa shi ne danshi. Ƙasar bakin tafki ba ta rabuwa da laima, ruwa kuwa yakan hau jikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Yana tafe da gishiri. Idan ruwan ya bushe sai gishirin ya zauna, ya riƙa ɓamɓare shafen bango. Katako ya ruɓe, ɗaki ya yi warin fumfuna. Ƙarfe ma bai tsira ba, domin idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, har ya tsaga abin da ke kewaye da shi.

A nan ne magina da yawa suke kuskure. Da sun ga tsohon bangon dutse ya jiƙe, sai su shafe shi da siminti mai ƙarfi, su bi da fenti mai sheƙi. Wata shida gidan ya yi kyau. Amma siminti yakan kulle danshin a ciki, ɓarnar ta ci gaba a ɓoye. Masana gyaran tsofaffin gine-gine sun fi son shafen farar ƙasa, saboda tana barin bango ya yi numfashi, wato laima ta fita. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan darasi, don sun sha ganin yadda siminti ke rabuwa da bangon laka bayan damina ɗaya ko biyu.

Akwai wata matsala kuma. Duk mai gida a bakin ruwa yana son manyan tagogi don ya riƙa kallon tafkin, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ku tuna cewa a gidan bene, bangon ƙasa ne yake ɗauke da nauyin ɗakunan sama. Wanda ya fasa shi ba tare da ya sa ginshiƙi ko ƙarfen da zai karɓi nauyin ba, yana wasa da rayukan iyalinsa. Saboda haka mai zanen gine-gine da injiniya su ne farkon shiga, su auna, su duba harsashi, su zana. Daga nan a gyara rufi da indararo, a janye ruwa daga gindin gini. Fenti da labule su ne na ƙarshe, ko da yake su ne masu gida suka fi ɗokin gani.

Keɓaɓɓun Kalmomi

Gwafa: sanda mai baki biyu.
Laima: danshi, jiƙewar wuri.
Harsashi: gindin gini da ke cikin ƙasa.
Indararo: mazubin ruwan sama daga saman rufi.

Tambayoyi

1. Wane ne ya gina Balbianello, kuma a wace shekara?
2. Me Monzino ya sauya a gidan, me kuma ya bari?
3. Don me aka fi son farar ƙasa a kan siminti wajen shafe tsohon bango?
4. Ku duba wani gida da ke kusa da ruwa a garinku, ku rubuta jimloli biyar a kan alamomin danshi da kuka gani a jikinsa.