Darasi: Sunayen Taron Dabbobi

Manoma da makiyaya na Agye, Gazawa da Gidan Runji, darasinmu na yau a kan sunayen da Hausa ta bai wa dabbobi ne idan sun taru wuri guda.

1. Garke. Shanu, tumaki, awaki ko raƙuma da ke kiwo tare a hannun makiyayi. Misali: garken jajayen awaki, irin waɗanda aka san ƙasar Maradi da su.

2. Ayari. Raƙuma ko jakuna da ke tafiya a jere ɗauke da kaya. Ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri shi ake kira azalai. Raƙuma a makiyaya garke ne. Idan an ɗaura musu kaya sun kama hanya, sun zama ayari.

3. Cincirindo. Taro mai yawa wanda ba ya ƙirguwa, kamar na fari ko na tsuntsayen jan baki masu cin gero da dawa.

4. Manyan bisashe su ne shanu, raƙuma, dawaki da jakuna. Ƙananan bisashe su ne tumaki da awaki.

Mene ne amfanin sanin waɗannan kalmomi? Amfaninsu shi ne kai labari daidai. Wanda ya ce wa malamin dabbobi "bisashe ba su da lafiya" bai faɗi kome ba. Wanda ya rubuta "garken awaki talatin, biyar suna zawo da majina" ya nuna masa irin dabbar, da yawanta, da alamar ciwon.

Cuta ba ta tsayawa kan dabba ɗaya, garke duka take bi. Saboda haka mu ware marar lafiya, mu kai sauran a yi musu allurar rigakafi. Da rigakafi aka ci ƙarfin bushiya, har aka bayyana ƙarewarta a duniya a shekarar 2011.

Haka kuma cincirindon fari. A 2004 farin dango sun afka wa Nijar, ga ƙarancin ruwan sama, sai yunwa ta biyo baya a 2005. Duk wanda ya ga cincirindo ya sauka, ya sanar da mai gari da malamin gona a ranar.

Aikin yi:
a) Mu rubuta bambancin garke da ayari.
b) Kowa ya ƙirga bisashen gidansa, ya rubuta manya daban, ƙanana daban.