Darasi na 14: Karanta Kafin Ka Saya

Jama'a, kuɗin manomi wuyar samu gare su. Tun daga sharar gona, da shuka, da noman fari, da maimai, har girbi, mutum yana zub da gumi wata biyar ko shida kafin ya riƙe kwabo. Amma akwai waɗansu mutane da ba su noma, ba su kiwo. Aikinsu su jira kaka ta yi, su zo kasuwa da kaya masu ƙyalƙyali, su raba manomi da kuɗinsa cikin sa'a guda. Darasinmu na yau a kan irin kayan nan ne, da yadda karatu zai tsare mu daga gare su.

Labarin Audu da munduwa

Bari mu yi misali da wani manomi, mu ce sunansa Audu. Uwarsa tsohuwa ce, tana da hawan jini. Kowane wata yakan kai ta asibiti a auna ta, a ba ta ƙwayoyi.

Ran nan Audu ya sayar da gyaɗarsa, ya zaga cikin kasuwa. Sai ya iske taro an kewaye wata mota mai lasifika. Mai motar yana riƙe da wata munduwa, yana cewa, "Jama'a, ga ta daga ƙasar waje! Maganaɗisu ne a cikinta. Tana maganin hawan jini, da ciwon sukari, da sanyin ƙashi, da ciwon baya. Kuɗinta naira 15,000, amma yau don tausayin talaka na bar ta 8,000. Saura guda biyar!"

Sai wani mutum ya kutso daga cikin taron, ya ce, "Wallahi gaskiya ne. Na saya wa babana, yanzu ya yar da sanda. Ba ni biyu!"

Da Audu ya ji haka, sai ya sa hannu aljihu ya biya. Ya zo gida yana murna, ya ce, "Inna, ga magani na kawo miki. Kin huta da haɗiyar ƙwaya."

Tsohuwa ta ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Ta sa munduwa, ta ajiye ƙwayoyinta.

Bayan mako uku sai ciwon kai ya kama ta, da jiri, tana gani dishi-dishi. Aka ɗauke ta a babur sai asibiti. Malamin asibiti ya auna ta, ya ce, "Inna, kina shan maganinki kuwa?" Ta miƙa masa hannu ta nuna munduwa. Ya girgiza kai, ya dubi Audu, ya ce, "Malam, kun auna arziki. Hawan jini idan an bar shi yana shanye ɓarin jiki, yana kisa. Ƙarfe a hannu ba ya saukar da shi ko kaɗan."

Matar Audu kuwa tana zuwa ajin mata. Da suka komo gida ta ɗauko kwalin munduwar, ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Maigida, ai babu sunan wanda ya yi ta, babu garin da aka yi ta, babu lamba. Hoto ne kawai."

Kasuwa ta kewayo, Audu ya nemi mai mota, ko ƙurarsa bai gani ba. Sai bayan wata biyu ya gamu da shi a wata kasuwa mai nisa. Ga kuma mutumin nan mai cewa babansa ya yar da sanda, yana sāke kutsowa yana rantsuwa. Ashe abokin cin mushensa ne.

Iri uku na kayan cin kuɗi

Na fari, akwai abin da ba ya aikin kome, kamar munduwar Audu. Kada ku ce mutumin ƙauye kaɗai ake yi wa haka. A ƙasar Ostireliya an sayar da wata munduwar roba mai suna Power Balance, aka ce tana ƙara ƙarfi da kuzari. Har manyan 'yan wasa na duniya sun sa ta. A ƙarshen shekarar 2010 hukuma ta tilasta wa kamfanin ya faɗa a fili cewa ba shi da hujjar abin da ya faɗa, ya kuma mayar wa masu saye kuɗinsu. A Ingila kuma, a Jami'ar York, an gwada munduwar tagulla da ta maganaɗisu a kan mutum 70 masu ciwon gaɓoɓi. Aka bayyana sakamako a shekarar 2013: ba su rage ciwo ba, ba su rage kumburi ba.

Na biyu, akwai abu mai amfani wanda ake samu da araha, amma an sa masa kwali mai kyau an ninka kuɗinsa. Ku ɗauki maganin ciwon kai. Kwali biyu, ɗaya fari marar ado, ɗaya ja mai hoton mutum yana dariya. Marar karatu zai ce jan ya fi ƙarfi, tun da ya fi tsada. Mai karatu kuwa zai duba, ya ga an rubuta PARACETAMOL da lamba 500 a kan kowane. Watau magani ɗaya ne, awo ɗaya. Sauran kuɗin na kwali ne da talla. Haka nan lemon kwalba mai zaƙi wanda ake cewa yana ƙara jini don kawai launinsa ya yi duhu. Yawancinsa ruwa ne da sukari. Abin da ke taimakon jini yana nan kusa da mu: hanta, da nama, da kifi, da wake, da zogale, da alayyafo. Mace mai ciki kuma ta je awo, a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta gaskiya.

Na uku shi ne mafi muni, watau abin da ba a bukata, ga shi kuma yana cutarwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Iyaye mata da yawa sukan sayi maganin haƙori idan yaro ya fara fid da haƙora. Fitar haƙori ba cuta ba ce. Yaro yakan yi dalala, ya yi rigima, ya so tauna abu, sa'an nan ya wuce. Idan kuwa ya kama zawo ko zazzaɓi mai zafi, to, wata cuta ce dabam, sai a kai shi asibiti. A shekarar 2008 an sayar da wani maganin haƙori mai suna My Pikin a Nijeriya. Ashe wata guba ta shiga cikinsa wajen haɗawa, irin wadda ake amfani da ita a ruwan injin mota. Ta lalata ƙodar yara, fitsari ya tsaya musu. An kwantar da su a Legas, da Ibadan, da Zariya. A farkon 2009 gwamnati ta ce yara 84 sun mutu. Iyayensu sun saya ne don ƙauna, da kuɗin guminsu.

Dabarun mai talla

Ku lura, dabarun ba su da yawa, kullum su ake maimaitawa.

Ɗaya, magani guda ya warkar da cuta goma. Hawan jini dabam, ciwon sukari dabam, basir dabam. Kowace da sanadinta, kowace da maganinta. Wanda ya ce kwalba ɗaya ta ishe su duka, ƙarya yake yi.

Biyu, gaggawa. "Yau kaɗai!" "Saura biyar!" Ba ya so ka je gida ka yi shawara, domin ya san idan ka kwana ba za ka saya ba.

Uku, shaidar baƙo. Wanda ya fito cikin taro yana rantsuwa, ka san shi? Ka san gidansu? Ka ga baban nasa?

Huɗu, ragi na ƙarya. Ya ambaci kuɗi mai yawa, sa'an nan ya rage rabi, kai kuwa ka ga kamar ka ci riba. Shi dama rabin yake nema, kuma ko a rabin ya ninka uwar kuɗinsa.

Yanzu masu tallan nan ba a kasuwa kaɗai suke ba. Suna cikin motar haya, suna tasha, suna rediyo, suna cikin wayar hannu. Murya ce ta sāke wuri, dabara tana nan yadda take.

Abin da za ka duba a jikin kwali

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Kafin ka biya kuɗin magani, ko abincin gwangwani, ko man shafawa, karɓi kwalin a hannunka ka duba abu huɗu.

1. Sunan abin da ke ciki, da yawansa.
2. Sunan kamfanin da ya yi, da garin da yake.
3. Lambar NAFDAC. Ita ce hukumar da aka kafa da dokar shekarar 1993 don lura da abinci da magunguna a Nijeriya. Abin da ba shi da lambarta, ka bar shi. Amma ka sani mugaye sukan buga lambar ƙarya, saboda haka sayi magani a kantin magani sananne wanda za ka iya komawa gobe.
4. Ranar lalacewa. Nemi baƙaƙen nan uku, EXP. Lambar da ke bayansu ita ce wata da shekara. Idan an rubuta 03/2024, watau watan Maris na 2024 ke nan. Idan lokacin ya wuce, kada ka saya ko da kyauta ne.

Bayan haka ka tambayi kanka tambaya biyu. Shin ina bukatar abin nan tun kafin in ji talla? Shin idan bai yi aiki ba, ina zan sami mai shi? Idan kana shakka, riƙe kuɗinka ka kwana. Ka tambayi malamin asibiti, ko malamin gona idan taki ne ko maganin feshi, ko malamin ajinku. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kome aka ce maka a kasuwa, kada ka bar maganin da asibiti ta ɗora ka a kai sai da izinin asibiti.

Ba a ce duk mai tsada banza ne ba. Garma mai ƙarko, da iri mai kyau, da gidan sauro, ko sun yi tsada sun biya. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Abin da muke gudu shi ne biyan kuɗin kwali da zaƙin baki. Rashin sani ya fi dare duhu, ku kuwa kun fara riƙe fitila. Ku haska wa iyayenku da maƙwabtanku da ba su zo aji ba tukuna.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwon uwar Audu ya tashi?
2. Me matar Audu ta gano a jikin kwali?
3. Faɗi iri uku na kayan cin kuɗi.
4. Me ya sami yaran da aka ba My Pikin a shekarar 2008?
5. Mene ne ma'anar EXP?

Lissafi

Audu ya sayi munduwa naira 8,000. Ya biya kuɗin babur naira 3,000. Ya kashe naira 9,000 a asibiti. Nawa ya kashe duka? Idan a ce tiyar masara naira 2,000 ce, tiya nawa ya yi hasara?

Rubutu

Rubuta wannan sau uku a littafinka: Zan karanta kafin in saya.

Aikin gida

Kowa ya zo aji na gaba da kwalin magani ko gwangwani guda daga gidansa. Za mu nemi abu huɗun nan tare.