Amsoshin Tambayoyinku: Kayan shayin da na gada, tsohon tangaran ne mai tsada?

TAMBAYA: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, ya dawo da kayan shayi na tangaran: buta ɗaya da kofuna shida da farantansu, masu zanen furanni ja da rawaya da ruwan zinare a baki. A gindin kowanne an rubuta Royal Albert da Bone China da Old Country Roses. Da aka raba gado suka faɗo hannuna. Ɗana da ke zaune a can ya ce Turawa na sayen irinsu da tsada, har yana so mu shiga sana'ar. Ina gaskiyar maganar? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya gafarta wa Baba, ya sa albarka a abin da ya bari.

Bari in fara da abin da ba lalle ya yi miki daɗi ba. Kayanki masu kyau ne, na ainihi ne kuma, amma a wurin dillalan wannan harka ba su kai a kira su tsofaffin kaya ba tukuna. Abin da aka saba shi ne sai abu ya cika shekara ɗari. Shi wannan zane na Old Country Roses a 1962 aka fito da shi, ya kuma karɓu har aka sayar da miliyoyinsa a duniya. Abin da kusan kowane gida ke da shi a kabad ba ya tsada. Ɗan fifikon da naki ke da shi guda ne: a Ingila aka yi su, kafin a mayar da aikin Indonesiya a 2002, kuma masu saye sun fi son na Ingilar. Za a saya, amma kuɗin ba zai kai abin da ɗanki ke hange ba, balle in aka cire kuɗin aike da kasadar fashewa a hanya. Da dalili Bahaushe ya sa wa irin wannan kaya suna faɗi-ka-mutu.

To, wane tangaran ne ake rububi a kansa? Sai mun koma baya kaɗan. Mutanen Sin sun daɗe suna yin tangaran Turawa na saye ba su san sirrinsa ba, sai a farkon ƙarni na 18 aka gano shi a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Ingila ta makara. Da masu sana'arta suka fara, wajen 1745, ba su da farin yumɓun da ake kira kaolin, don haka kowa ya shiga haɗa nasa. A Chelsea, cikin Landan, wani maƙerin azurfa mai suna Nicholas Sprimont ya cakuɗa yumɓu da garin gilashi, ya sami tangaran mai taushi a ido, fari kamar madara, sai dai ruwan zafi na iya tsaga shi. A Bow suka zuba tokar ƙashi. A Worcester, inda Dakta John Wall da abokansa suka kafa masana'anta a 1751, sai suka sa wani dutse mai santsi kamar sabulu daga Cornwall, butocinsu suka zama masu jure tafasasshen ruwa, shi ya sa har yau kayan shayinsu suka fi yawa a hannun masu tarawa. Sai a 1768 William Cookworthy na Plymouth ya sami takardar mallakar yin tangaran mai tauri irin na Sin. Wajen ƙarshen ƙarnin kuma gidan Spode a Stoke ya daidaita haɗin da ake kira Bone China, wanda kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce. Kofunan Baba jikokin wannan haɗi ne.

Kayan waɗancan shekaru hamsin na farko su ne zuciyar harkar, kuma ni kaina su suka fi taɓa ni. In ka ɗauki kofin Worcester na lokacin ka ɗaga shi a haske, za ka ga wani kore-kore a jikinsa. A wasu farantan Chelsea za ka ga ɗigo-ɗigon haske inda iska ta maƙale a cikin yumɓun. Hannun mutum ne ya yi zanen, har ana ganin inda ya ɗan karkace. Daga baya ma, a Nantgarw ta Wales, inda William Billingsley ya fara aiki a 1813, tangaran ɗin ya yi kyau matuƙa amma yawancinsa a wuta yake lalacewa, shi ya sa kaɗan ya rage, kuma ƙarancin nan ne ke sa masa kuɗi.

Yanzu batun tambarin da ke gindi, wanda a nan sabon shiga ke asarar kuɗinsa. Tambari na taimakawa wajen gane cewa abu bai tsufa ba. In kin ga kalmar England, yawanci bayan 1891 aka yi shi, domin wata dokar harajin Amurka ce ta wajabta rubuta ƙasar da kaya ya fito. Made in England da Bone China kuwa alamun ƙarni na 20 ne. Amma tambari shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa. Chelsea ta yi amfani da hoton ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, ja sannan ta zinare, Worcester kuma jinjirin wata, kuma duk an kwaikwaye su. Kamfanin Samson na Paris, tun daga 1845, ya yi ta fitar da kwafin Chelsea da Derby da Worcester, wasu har da ƙugiyar zinaren. Gwani ba ya fara duba gindi. Jikin kayan yake fara taɓawa: na Samson mai tauri ne da sanyi da ƙyalli irin na gilashi, na Chelsea kuwa in ya ɓantare cikinsa kamar sukari yake. Tsofaffi da yawa ma ba su da tambari ko kaɗan.

Bayan asali sai lafiyar kaya. Tsaga siririya kamar gashi na iya karya farashi ƙasa da rabi. Ana ƙwanƙwasa kofi da farce, mai lafiya ya yi ƙara garau, mai tsaga ya yi ɗif. Gyaran zamani ya fi wuyar ganewa, domin ana like wurin a fesa masa fenti, amma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita takan tona shi. Tsohon gyara da ƙananan ƙusoshin ƙarfe a fili yake, wasu ma suna sonsa.

Game da shiga sana'ar, ga abin da zan gaya wa ɗanki. Kasuwar kayan shayi na yau da kullum ta faɗi a Ingila, domin matasa ba su cika son abin da sai an wanke da hannu an adana a kabad ba. Abin da ke riƙe daraja shi ne wanda ya yi ƙaranci, ya tsufa, yake lafiya lau, aka kuma san hannuwan da ya biyo. Gidajen gwanjo irin su Bonhams da Christie's suna karɓar la'ada daga mai saye, sau da yawa kwata na farashin ko fiye, su kuma karɓa daga mai sayarwa, don haka ribar da ake gani a takarda takan tsuke. Saye ta hoton intanet kuwa cinikin biri a sama ne. Tunda yana can, ya zaɓi masana'anta ɗaya, misali Worcester, ya je gidan tarihinta da ke garin, ya je na Victoria da Albert a Landan, ya riƙa halartar ranakun da gidajen gwanjo ke barin mutane su ɗauki kaya su duba kafin a sayar. Ya sayi tsagaggun kofuna masu araha ya koyi jikinsu a tafin hannu. Shekara guda yana haka kafin ya sa kuɗin da zai yi masa ciwo in ya salwanta, kuma duk abin da ya saya dillali ya rubuta masa shekarunsa da gyaran da ke jikinsa a rasit.

Ke kuwa Hajiya, shawarata kada ki sayar. Ki wanke su da hannu da ruwan ɗumi, kada soson ƙarfe ya taɓa zinaren, ki sa ƙyalle tsakanin farantan in za ki jera su. Ki rubuta sunan Baba da garin da ya yi karatu da shekarar da ya dawo a 'yar takarda, ki ajiye ta cikin butar.