Darasi na Tara: Adireshin Intanet Iri Biyu

Wasiƙa ba ta isa gida sai da adireshi. Haka ma saƙon intanet. Idan kun haɗa na'ura da intanet, kamfanin sadarwa yakan ba ta lambar da ake kira adireshin IP. A tsarin IPv4, lambar rukuni huɗu ce, kowanne daga 0 zuwa 255.

Adireshin iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda yake kamar gidan gado, ba ya canzawa. Akwai kuma mai sauyawa, wanda yake kamar ɗakin baƙi: aro aka ba ku, gobe ana iya ba wani. Dalili kuwa, adireshin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kawai, na'urorin duniya kuma sun fi haka yawa.

Idan a gidanku a Kafanchan ko Kagoro kuna amfani da layin MTN, Airtel ko Glo, galibi mai sauyawa kuke samu. Ya ishe ku karatu da duba sakamakon JAMB. Amma ɗan kasuwar citta da yake son ganin kyamarar rumbunsa na Kwoi daga Kaduna, tsayayye ya fi masa amfani, ko da yake ya fi tsada. Saboda haka, ku san bukatarku kafin ku biya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Mene ne adireshin IP?
2. Me ya sa ake sauya adireshi?
3. Wa ya fi bukatar tsayayye?