Venkatraman Ramakrishnan: Nazarin Rayuwar Wani Masanin Halittu a Baƙuwar Ƙasa

1.0 Gabatarwa

A Dandin Mahe ta ƙasar Shagari, kamar sauran garuruwan Jihar Sakkwato, da wuya a sami gidan da ba a san kafson nan mai ja da rawaya ba, wanda masana magunguna ke kira tetrasaikilin. Ana shan sa don ciwon ciki, ana shan sa don mura, har dabbobi ma ana ba su. Amma ba kowa ne zai iya faɗin yadda maganin ke kashe cuta ya bar mai ita da rai ba. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin masanan da suka warware wannan tambaya, wato Venkatraman Ramakrishnan, ɗan ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya, wanda ya yi aikinsa na bincike a Amurka da Ingila. Manufa ita ce a nuna cewa ilimi yana buƙatar haƙuri wajen nema, kuma amfaninsa ba ya cika sai an bayyana shi da harshen da jama'a za su fahimta.

2.0 Asali da Karatu

An haifi Ramakrishnan a shekarar 1952 a garin Chidambaram na Jihar Tamil Nadu. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk masana ne. Yana ɗan shekara uku suka yi ƙaura zuwa Baroda ta Jihar Gujarat, inda ya tashi cikin mutanen da harshensu ya sha bamban da na iyayensa. A Jami'ar Baroda ya sami digirinsa na farko a fannin fiziks a 1971, daga nan ya wuce Amurka yana da shekara goma sha tara. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Ohio a 1976.

Abin lura a nan shi ne, bayan wannan babban digiri sai ya ga zuciyarsa ta karkata ga ilimin halittu. Don haka ya ajiye girman dakta, ya koma ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego har shekara biyu, yana koyon abin da na bayansa suka riga shi sani. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.

3.0 Neman Wurin Zama

A 1978 ya shiga ɗakin binciken Peter Moore a Jami'ar Yale, kuma a nan ne ya fara aiki a kan raibosom. Da ya gama, ya nemi aikin koyarwa a jami'o'i kimanin 50, amma babu wadda ta kira shi ganawa. Ya yi ɗan zama a Oak Ridge, sannan ya yi shekara goma sha biyu a cibiyar bincike ta Brookhaven, daga 1983 zuwa 1995, kafin ya koma Jami'ar Utah. A 1999 ya bar Amurka ya koma wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila, duk da cewa albashin can ya gaza wanda ya baro. Dalilinsa shi ne a can ana barin mai bincike ya daɗe a kan matsala ɗaya mai wuya ba tare da an matsa masa ba.

4.0 Abin da Ya Gano

Jikin kowane mai rai, daga mutum har gero, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma yawancin aikin da ke gudana a cikinsu furotin ne ke yin sa. Raibosom ita ce ke ƙera furotin. Ana iya kwatanta ta da masaƙi: saƙo yana zuwa mata daga ƙwayoyin gado, tana karanta shi harafi uku-uku, tana harhaɗa sinadarai iri ashirin bisa tsarin da saƙon ya faɗa. Tana da sassa biyu. Ƙaramin sashe shi ke karatu, babban kuwa shi ke haɗawa.

Ramakrishnan da abokan aikinsa sun ɗauki ƙaramin sashen daga wata bakteriya da ke rayuwa a ruwan zafi, suka daskarar da shi ya zama kamar ƙwayoyin gishiri, suka haska shi da hasken eksire. A shekarar 2000 suka fitar da cikakkiyar taswirarsa, tare da nuna inda wasu magunguna ke maƙalewa a jikinsa. Tetrasaikilin yana toshe ƙofar da kayan saƙa ke shigowa. Sitiraftomaisin kuwa, wanda aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka allurarsa, yana sa raibosom ta yi kuskuren karatu, sai ta ƙera furotin marar amfani. Da yake raibosom ɗin bakteriya ta bambanta da ta ɗan Adam, maganin yana illata cutar fiye da mai ita.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai sayen kafso a kasuwa. Ƙwayar bairos, wadda ke kawo mura, ba ta da raibosom tata, don haka maganin ba ya taɓa ta. Shan sa barkatai kuwa yana kashe raunanan bakteriya ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har ranar da za a buƙaci maganin ya ƙi aiki.

A 2009 aka ba shi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Thomas Steitz da Ada Yonath. Ya kuma shugabanci Royal Society, tsohuwar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, daga 2015 zuwa 2020.

5.0 Rubuce-rubucensa

Bai bar iliminsa a ɗakin bincike ba. A 2018 ya wallafa Gene Machine, inda ya ba da labarin tseren gano sirrin raibosom, bai ɓoye kishi da fargabar da ke tsakanin masana ba, har da nasa. A 2024 ya fitar da Why We Die, a kan tsufa da mutuwa. Duka biyun ya rubuta su ne don wanda bai karanci kimiyya ba.

Ƙasar Shagari ma ta san irin wannan hanya. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato tun kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya don ya sauƙaƙa wa jama'a sanin ƙasarsu da harshensu. Bambancin shi ne littattafan Ramakrishnan da Ingilishi suke, ba su isa ga manomin Dandin Mahe ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda wannan masani ya yi shekara ashirin da biyu yana bin raibosom, daga Yale zuwa Kambirij, kafin ya ga abin da yake nema. An kuma ga cewa sakamakon bincikensa ya shafi lafiyar mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Sauran aiki yana wuyan ɗaliban Hausa: su zauna da malaman kimiyya da ma'aikatan asibiti, su daidaita kalmomin da za a yi wannan bayani da su, su kai shi makarantu da gidajen rediyo. Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da shan kafso don mura.