Gyaran Ɗaki Domin Lafiyar Iyali

In mutum ya tashi gina ɗaki, abin da ya kan fara tambaya shi ne ko ginin zai yi ƙarko, ko rufin zai yi yoyo, ko ɓarawo zai sami hanyar shiga. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wata wadda ba a cika yi ba, watau ko wanda ya kwana cikin ɗakin nan zai tashi lafiya. Ku yi lissafi. Mai barcin awa 8 kowace rana, sulusin ransa ke nan cikin ɗaki. Mata da ƙananan yara kuwa sun wuce haka nesa, tun ba gidan da ake kulle ba. Saboda haka inda aka sa taga, da inda aka kafa gado, da inda aka jingina buhun hatsi, duk suna da hannu cikin lafiyar mutanen gida.

Iska da taga

Ɗakunanmu da yawa na ƙauye ƙofa ɗaya gare su, sai wata 'yar kafa can sama, ita ma da hunturu ya kama a cusa mata tsumma. Da dare mutum biyar ko shida su shiga, a saki asabari, a ja ƙyaure. In ka shiga irin ɗakin nan da asuba daga waje, za ka ji wani ɗumi mai nauyi ya buge ka. Iskar da aka shaƙa aka fitar ce, aka sāke shaƙa, tun daren jiya.

To, in akwai mai tarin fuka a cikinsu, duk sa'ad da ya yi tari ya kan watsa ƙwayoyin cutar cikin iskar nan. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya fara ganinsu a 1882. Su kan yi awoyi suna yawo cikin iskar ɗaki rufaffe, amma iska mai wucewa ta kan kwashe su, hasken rana kuma yana kashe su. Wanda ya yi mako biyu yana tari, a kai shi asibiti a auna majinarsa. Maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shansa wata shida. Kafin nan a ba shi shimfiɗarsa dabam, kusa da taga.

Sanƙarau ma abokin cunkoso ne. Ya kan zo da rani, sa'ad da ƙura da busasshiyar iska suka raunana hanci da maƙogwaro. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan arewa. An fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar a 2010, a Nijeriya a 2011, ta kuwa yi aiki. Amma sanƙarau iri-iri ne, sai ga wani irin ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 aka kawo allurar da ta haɗa iri biyar. Ku kai yara a yi musu. Ku kuma rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya da bazara.

Wace irin taga ake bukata? Malaman tsabta suna da lissafi mai sauƙi: fāɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na fāɗin daɓen ɗaki. Misali, ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da fāɗin ƙafa 10, sai a yi masa taga biyu, kowace ƙafa 2 da ƙafa 3. Kada a jera su bango ɗaya. A sa su suna duban juna, ko ɗaya ta dubi ƙofa, don iska ta shiga nan ta fita can. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo daga ƙasa, gama iska mai zafi sama ta kan tashi.

Watakila wani ya ce, “Ni ba na son taga, saboda sanyi, da ɓarayi, da idon masu wucewa.” Gaskiyarsa, ba wanda ke son a leƙa masa iyali. Amma in aka ɗaga tagar ta wuce tsawon mutum, ba mai leƙe. Sandunan ƙarfe uku ko huɗu sun isa ɓarawo. Sanyi kuwa, a yi wa tagar murfin katako. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, sai a rufe ta wannan gefe, a bar ɗayar a ɗan buɗe. Magina sun sani hadari daga gabas ya kan taso, don haka bangon gabas ba wurin taga ba ne. In tsohon ginin ƙasa za a huda, a nemi magini ya gitta azara a sama tukuna, kada bango ya tsage.

Rufin kwano ya yawaita yanzu, ga shi kuwa da rana sai ka ce tanda. Soro da ɗakin ciyawa sun fi shi sanyi. Mai kwano ya yi masa silin, ko da na zana ne, ya dasa itace wajen yamma.

Sauro

Ga wata matsala. Tagar da iska ke bi, sauro ma ya san ta. Maganin wannan shi ne a buga mata raga ta waya, a riƙa dubawa, in ta huje a toshe nan da nan.

Amma babbar ƙofar sauro ba taga ba ce. Ku ɗaga kai ku dubi tsakanin kan bango da rufi. A ɗakin ciyawa da na kwano sau da yawa akwai rata a nan. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare ya ke cizo, cikin ɗaki. Ya kan biyo warin masu barci, in ya iske bango ya yi sama, ya faɗa ta ratar nan. An gwada a ƙasar Gambiya, aka ga toshe ta da sa raga a tagogi yana rage sauron da ke shiga ƙwarai. Laka kaɗan da aikin yini ɗaya sun isa. Sai dai a fara yin tagogin, sa'an nan a toshe ratar, in ba haka ba an hana sauro an kuma hana iska.

Da gari ya waye, sauron da ya ƙoshi ya kan nemi duhu ya laɓe: ƙarƙashin gado, da kusurwa, da bayan tufafin da aka rataya a igiya. A ninke tufafi a sa cikin akwati. A shafe bango da farar ƙasa, ɗaki ya yi haske, abin da ya sauka a bango a gan shi.

Kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya su ke. Don haka tun wajen kafa gado a tuna da gidan sauro, a bar wurin da za a ɗaura igiyoyinsa huɗu. Mai kwana a tabarma shi ma yana iya ɗaurawa, ya cusa bakin ƙarƙashin tabarmar. Sabo in an karɓo, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. In bai isa kowa ba, mai ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne na farko. Ba don shingen lambu aka raba shi ba.

Hayaƙi

Ku dubi azarar ɗakin da ake girki a ciki, ku ga yadda ta yi baƙi ƙirin. Abin da hayaƙi ya yi wa azara, shi ya ke yi wa huhun mai girki da na goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, cikinsu har da yara masu yawa da ciwon huhu ke ɗauka. A fitar da murhu daga ɗakin kwana. A yi madafa dabam, ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a yi girki da busasshen itace. In da mai riƙe jariri, a sauke shi kafin a zauna gindin murhu.

Gawayi ya fi ruɗi, domin ba a ganin hayaƙinsa. Yana fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, sai barci, wani barcin kuwa ba a tashi. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe. Janareta ma irin iskar nan ya ke fitarwa. Wurinsa waje, nesa da taga, ba zaure ba.

A nan dole a yi zancen mai jego. Al'ada ce a tsare ta a ɗaki mai zafi, a wasu wurare har a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar, suka danganta shi da zafin nan da yawan shan kunun kanwa. Iyaye mata, mun san don ƙauna ku ke yi. Ku ba ta bargo da abinci mai kyau, ku bar mata taga. In ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a nufa ran nan.

Jere da ƙarƙashin gado

Uwargida da amarya, wannan naku ne. Ba wanda ya ce a bar jere. Dukiyar mace ce, kuma alamar ƙoƙarin iyayenta. Abin da muke gudu shi ne kayan da aka jera ran buɗar kai, ba a sāke motsa su ba har aka yaye ɗa na biyu. Bayan tasoshin nan da fantekoki akwai gari guda na kyankyasai, wani lokaci har da kunama. A ɗora jere kan kanta ko kabad mai ƙafafu, a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Sau ɗaya a wata a sauke a goge. In kabad ya tare taga, kabad ne zai matsa.

Ƙarƙashin gado kuwa ba rumbu ba ne. Inda aka tara buhun gero da gyaɗa da tsofaffin ƙore, nan ɓera ke haihuwa. Akwai wani ɓera mai nonuwa da yawa wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin ƙasar Barno. Shi ɓeran ba ta yi masa kome. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ke kawo ta ga mutum. Hatsi ya tafi rumbu ko duro mai murfi, tuwon da ya kwana a rufe shi, ramukan gindin bango a toshe. Mataccen ɓera kada a ɗauka da hannu.

Kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma yana hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa ba ya iya noma. A fitar da gado da katifa rana, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar katako, a yaɓe tsagogin bango. Kada a yayyafa fiya-fiya a shimfiɗa. Guba ce, kuma ba ta san kuɗin cizo da jariri ba. Ita da kananzir da maganin ƙwarin gona a ajiye su can sama, ban da cikin kwalbar lemo. In yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti.

Daɓe

Babba da ƙafa ya ke taka ƙasa, mai rarrafe kuwa da hannu, hannun kuma baki za shi. Duk abin da ke kan daɓe, ku ɗauka ya ci. A 2010 a wasu ƙauyukan Zamfara an riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta kwanta a ɗakuna da tsakar gida, yara wajen 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Aikin da ke ta da ƙura mai guba ba a kawo shi gida.

Kashin kaji da na awaki ma yana sa yara gudawa. Kaji su kwana a akurki, awaki a turke. Wanda ya iya siminti ya yi. Wanda bai iya ba, daɓe mai kyau da aka sha da makuba ya wadatar, muddin ana cike inda ya fashe. A yayyafa ruwa kafin shara. Randar sha a ɗora ta kan abin da zai ɗaga ta daga ƙasa, da murfinta, da moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita.

A tuna da tsofaffi. Dokin ƙofa mai tsawo da ɗaki mai duhu su kan ka da su, karayar tsoho kuwa ba ta saurin ɗoruwa. A rage tsawon dokin ƙofarsu, a share hanya daga gado zuwa ƙofa, a ajiye musu fitila inda hannu zai kai. 'Yar fitilar nan mai cin hasken rana ta fi aci-balbal, ba hayaƙi, ba gobara.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kai amfani gida, ana kwaɓa ƙasa ana yin tubali. Kafin a huda bango, mai gida ya kira duba-gari ko ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa, su shiga ɗakin tare da magini a auna. A fara da ɗakin da yara ke kwana.